Gwiwoyin Duba-gari

Ban taɓa sanin ina da irin gwiwoyin da ake yi wa dariya ba sai da na kama aikin duba-gari a Jimeta. Kafin nan a lulluɓe suke tun ina yaro, ba wanda ya gan su, ni kaina ban taɓa tsayawa na dube su ba.

An ɗauke ni aikin ne 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, ina saurayi, na gama makaranta na yi ɗan kwas na tsabtar gari. Aikinmu shi ne bin gidaje da kasuwa, mu leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, mu duba kwata da bayan gida, mu yi wa masu sayar da abinci faɗa su rufe kayansu. Ranar farko aka kai ni sito aka miƙo mini kayan aiki: rigar kaki mai aljihu biyu, doguwar safa, takalmi sau-ciki, ludayi mai dogon hannu na ɗiban ruwan randa, da hula mai baki a gaba, wadda kowa ke kira hana-sallah. A ƙarƙashinsu duka akwai wando. Na ɗaga shi na jujjuya ina neman sauransa. Mai sito ya ce iyakarsa ke nan.

Shugabanmu tsohon soja ne, Kirista daga duwatsun kudancin Adamawa, kuma duk ofis Saje muke ce masa, don da wannan muƙami ya baro soja. Gajere ne kakkaura, sharaɓarsa a cike kamar an cusa gwanda cikin safa. Shi gajeren wando ya yi masa kyau, kuma ya sani. Hausarsa ta bariki ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa da komai "ya" ne a bakinsa. Kowace Litinin da safe yana jera mu a gaban ofis, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Bakin wando ya tsaya yatsu uku a saman gwiwa, safa ta tsaya yatsu biyu a ƙasanta, kuma da yatsunsa yake awon, ba da ido ba. Da ya iso kaina a Litinin ta farko ya durƙusa ya auna, sannan ya daɗe yana kallon abin da ke tsakanin wandon da safar.

"Ɗan Yola," in ji shi, "wannan ƙafa naka ne, ko na balbela ka aro?"

Na ce tawa ce, ranka ya daɗe.

"To ka riƙa ba shi abinci."

Dariyar ofis ba ta dame ni ba kamar gida. A Yola nake zaune, gidan Bappa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifin nawa. Modibbo ne, wato babban malami, dattawa na zuwa zaurensa ɗaukar karatu bayan asuba. Da kunnena na sha jin yana karantar da su cewa al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. Ban ga yadda zan ratsa wannan zaure da gwiwoyi a waje, da ludayi a hannu, in ce masa na tafi aiki ba. Sai na yi dabara. Ina saka kayan aiki a ciki, in ɗora dogon wando da doguwar riga a kai, in cusa hana-sallah da ludayi cikin jaka a bayan keke. Tsakanin Yola da Jimeta akwai wata tsamiya a gefen hanya. A nan nake tsayawa, in zaga bayanta in tuɓe na saman, in cusa su cikin kogonta, in fito duba-gari. Da yamma kuma in tsaya in mayar. Ba a yi mako biyu ba matan da ke kai nono Jimeta suka gane lokacina. Suna hango ni sai su rage tafiya, in ji ɗaya na ce wa 'yan uwanta da Fulatanci ga macijin nan ya zo yin saɓa.

A gida Goggo ce ta fara kama ni, ƙanwar Bappa, wadda ta dawo gidan da zama bayan mijinta ya rasu. Ta shiga ɗakina ɗaukar kwano ta tarar da wandon a rataye, na wanke na shanya a ciki don kada a gani. Ina dawowa ta tare ni da shi a hannu, ta ce ɗan wa nake yi wa wanki. Na gaya mata gaskiya. Ta yi dariya har sai da ta zauna a bakin gado, ta ce in saka ta gani, na ƙi. Da dariyar ta lafa ta tambaye ni yadda nake yi da azahar a wurin aiki. Na ce mata kwanakin nan duka sai na koma gida nake haɗa ta da la'asar, kuma raina ba ya so. Washegari ta ba ni wani tsohon zanenta na atamfa, shuɗi, mai hoton kifaye.

Mu huɗu ne Musulmi a ofishin. Babbanmu wani dattijo ne da muke kira Baba, yana aikin tun zamanin Turawa. Shi dabararsa ita ce ya jawo safa sama har ta rufe gwiwa, ya sassauta bel ya tura wandon ƙasa, su haɗu a tsakiya. Yana tsaye komai lafiya. Da ya yi ruku'u sai kowa ya koma inda ya fito. Ranar da ya ga na ɗaura zanen Goggo a kan wandona na ta da salla, ya jira na sallame ya ce in ara masa. Daga nan zanen ya zama na mu huɗu. Baba ya fara, ya kwance ya miƙa wa na biye, ni ne na ƙarshe ko da yake ni na zo da shi. Jam'i kuwa ba hali, zane ɗaya ba ya ɗaukar sahu. A sito muke yi, a tsakanin gwangwanayen maganin sauro, muna atishawa tsakanin raka'a da raka'a, kuma sai mun ga Saje ya fita cin abinci. Hular kuwa sunanta ya bi ta, goshi ba ya kai ƙasa da ita. Baba na da wata farar hula ƙarama da yake ninkewa a aljihu, mu sauran mukan juya bakin hana-sallah baya.

Wata rana Saje ya dawo da wuri neman tocila, ya turo ƙofar sito ya same ni zaune ina tahiya, kifaye sun zagaye ni. Ya tsaya har na sallame. Na ɗauka aikina ya ƙare.

"Amarya," ya ce, "in ka gama, kasuwa yana jiranka."

Ya ɗauki tocilarsa ya fita. Sunan ya bi ni kusan wata biyu, har masu sayar da ƙosai a kasuwa sun ji shi.

Wannan suna ne ya sa na yi tunanin gyara abin daga tushe. Na kai wandon wurin wani tela a kasuwar Jimeta, na ce ya warware kalmasar ƙafa ya sake ta ƙasa kaɗan. Litinin ta zo Saje ya auna, ya sami yatsu biyu. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya wuce kan na gaba. Na ga abin ya wuce, na koma wurin tela ya ƙara mini ƙyallen kaki a baki, ya ɓoye ɗinkin da kyau. Mako na uku wandon ya sauko ya rufe gwiwa ruf. Saje ya durƙusa ya nemi inda zai sa yatsa ya rasa.

"Ɗan Yola, wandonka yana tsiro. Kana ba shi ruwa ne?"

"Ƙila wanki ne, ranka ya daɗe."

"Wanki yana rage kaya, ba ya ƙarawa. Ko kai ne kake komawa ƙasa?"

Ya ba ni zuwa Laraba in mayar da shi yadda gwamnati ta haife shi. Telan ya ji haushin ɓata masa aiki, ya sa almakashi da ƙarfi. Da Saje ya sake aunawa ya sami yatsu huɗu, ya ce ba komai, ya bar mini ɗayan kyauta.

A lokacin babu gada a kan Binuwai. Duk mai zuwa Girei sai ya sauka bakin kogi ya jira jirgin fito, kuma masu abinci sun cika wurin. Wani mako aka tura ni can. Ina sunkuye a kan tukunyar wata mai kunu, na juya wa hanya baya, sai na ji sallama da muryar da na sani. Na miƙe na juya. Bappa ne, da rawaninsa da sandarsa, za shi Girei ta'aziyya. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, a hankali, bai tsallake komai ba. A gida bai taɓa yi mini magana da Hausa ba, amma ran nan da ita ya gaishe ni, kamar yadda ake gai da baƙo.

"Sannu da aiki, ma'aikaci."

Na ce yauwa, Allah ya gafarta malam. Ya wuce ya shiga jirgi. Mai kunu ta tambaye ni ko na ga wani abu a tukunyarta ne, don ta ga na yi tsaye da ludayi a hannu.

Bappa bai ta da maganar ba sai washegari bayan la'asar, ya aika a kira ni zaure. Na zauna a ƙasa nesa da buzunsa. Ya rufe littafin da ke gabansa, ya koma Fulatancinsa.

"Jiya na ga wani mutum a bakin kogi. Daga ɗamara zuwa sama kai ne sak. Daga nan zuwa ƙasa ban san shi ba."

Na sunkuyar da kai na fara ba da haƙuri. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce labarin tsamiya ya daɗe da zuwa masa, masu nono ba su bar gidan da ba su kai shi ba, yana jira ne ya ga ranar da zan gaya masa da bakina. Sannan ya tambayi yadda muke salla. Na faɗa masa komai, har zanen Goggo da atishawa. Na ga gemunsa na motsi, amma ya danne dariyar.

"Ka tambaya aka hana ka?"

"Doka ce, Bappa."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Mutumin nan da kuke ɓuya masa, ka taɓa jin ya zagi salla?"

Na ce a'a.

"To kun yanke masa hukunci ba ku ji ta bakinsa ba. Wannan ya fi gwiwar damuna."

Ya ce aikin tsabta aiki ne mai lada, kada in kuskura in bar shi. Amma in daina tuɓewa a bayan itace kamar ɓarawo, in tafi da rigata har ofis in canza a can kamar mutum. Kuma in je in yi wa shugabana magana da ladabi.

Na ja Baba muka tafi tare. Duk shekarun da ya yi yana aikin bai taɓa roƙon komai ba, har muka isa ƙofar Saje yana cewa mu bari sai wani makon. Na fara da maganar wurin salla, na ce warin maganin da ke sito ya dame mu. Saje ya ajiye alƙalaminsa.

"Wato ba son wurin kuke yi ba? Ni na ɗauka addininku ya ce a ɓuya." Ya juya kan Baba. "Kai da furfuranka kana shaƙan guba kullum, ba ka iya buɗe baki? In ka faɗi a ciki me zan rubuta?"

Nan take ya sa aka share barandar baya, ya ce tamu ce daga yau, kuma ba sai ya fita cin abinci ba. Na ga ƙofa ta buɗe, na kawo maganar wando. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wani tsohon littafin dokokin aiki, ya buɗe shafin da aka zana mutum da kayan duba-gari, gwiwoyinsa a waje. Ya ce wannan ba shi ya rubuta ba, wanda ya rubuta ya koma ƙasarsu ya bar mana littafin, kuma shi soja ne, abin da ke rubuce yake bi. Ya ƙara da cewa bai taɓa jin wanda ya mutu don iska ta taɓa gwiwarsa ba. Muka yi godiya muka fito da rabin abin da muka je nema. Rabin ma ba kaɗan ba ne. Kowa ya riƙa zuwa da dogon wandonsa a jaka, lokacin salla ya zura a kan gajeren, muka fara jam'i Baba na limanci. Zanen Goggo ya koma hannun mai shi.

Haka muka zauna har aka yi jihohi, aka sa mu cikin Jihar Arewa maso Gabas, takardunmu suka daina zuwa Kaduna suka koma Maiduguri. Cikin sauye-sauyen da aka yi sai aka ƙara wa ofishinmu wasu unguwannin cikin Yola. Saje ya ce tunda ni ɗan gari ne, ni zan riƙa zuwa.

A Jimeta mutane sun saba da ganin ma'aikata iri-iri, ba mai kallon ƙafar wani. Yola ba haka take ba. Gidan da na yi sallama sai a leƙo, a dube ni, a ce maigida ba ya nan, alhali ina jin tarinsa a ciki. Wani dattijo ya fito ya gaishe ni da kyau, ya tambayi lafiyar Bappa, ya ce in je in dawo idan na gama shiri. Kwana uku ina yawo ban ga cikin randa ko ɗaya ba. Saje ya dubi takardar rahotona fara fat, ya ce sanyin hali ne ya yi mini yawa, gobe zai bi ni ya nuna mini yadda ake aiki.

Muka tafi a kan kekunanmu, shi a gaba, kayansa sun sha sitaci da guga. Gidan farko na wata tsohuwa ce da duk unguwa ke kira Dada, ƙawar kakata, ita ce babba a gidan tun da mijinta ya rasu. Saje ya yi sallama yadda ya kamata. Ta fito zaure tana dogara sanda, ta dube shi sama da ƙasa, ta fi daɗewa a ƙasan. Sannan ta ce mini da Fulatanci in tambayi babban nawa ko telansa rasuwa ya yi ana cikin ɗinki.

"Me ya ce?" in ji Saje.

"Ta ce sannu da zuwa, ranka ya daɗe."

"Ya ce fiye da haka. Na ji tela a ciki."

Dole na fassara. Saje ya gyara tsayuwa ya ce in gaya mata shi gwamnati ne, kuma doka ta ba shi ikon shiga kowane gida. Dada ta saurara har na gama. Ta ce ita ba ta taɓa hana gwamnati shiga gidanta ba, amma a ciki akwai surukanta da jikokinta mata, in gwamnati na son shiga ta sa sutura. Ta juya ta yi kira, aka kawo mata wani ƙunshi. Da ta kwance sai ga wandon marigayi mijinta, irin buje ɗin nan na da, mai faɗin da mutum uku za su shiga, da aiki a bakin ƙafa. Ta miƙa wa Saje.

Na tabbata zai juya ya hau kekensa, washegari a kawo mata sammaci. Ya tsaya yana kallon wandon, yana kallon ƙofar cikin gida. Can ya miƙo mini hularsa da ludayinsa ya ce in riƙe. Ya zura ƙafafu da takalmi da komai. Marigayin dogo ne, don haka sai da muka jawo wandon har ƙirjin Saje, na zagaya da mazagi sau biyu na ɗaure masa. Ni kuma na ciro nawa daga jaka na saka. Ya karɓi hularsa ya kafa, ya ce mini in na yi dariya zan yi wata guda ina duba bayan gidan kasuwa.

Dada ta shige gaba, muka bi ta. Matan gidan sun yi lulluɓi sun koma gefe, ina jin dariyarsu tana fita ta cikin mayafi. Saje bai kula ba. Ya bi randunan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗebo ruwa ya ɗaga wa haske, duka tas. Ya ce in gaya mata ko a bariki bai ga randa mai tsabta haka ba. Amma da muka zaga bayan madafa ya ga wani fasasshen tulu da ruwan sama ya kwanta a ciki. Ya sa ludayi ya ɗebo ya kai mata har gaban ido, tsutsotsi na ta wutsil-wutsil. Ya yi mata bayani cewa waɗannan ne ke zama sauro, su kawo wa jikokinta zazzaɓi. Ta daɗe tana kallo, ta ce shekarunta duka ba wanda ya taɓa nuna mata, tara kawai ake cewa za a ci mutane. Ta sa aka kifar da tulun a gabanmu. Kafin mu fita aka kawo mana kunun gyaɗa a ƙwarya, Saje ya zauna a kan turmi ya sha, buje ya bazu kewaye da shi kamar laima.

A zaure ya fara kwance mazagi, Dada ta ce ya bari, ai da sauran gidaje, ya aiko mata da shi in ya gama. Labari ya riga mu fita. Ran nan ba ƙofar da aka rufe mana. Dattijon da ya ce in dawo idan na gama shiri da kansa ya raka mu har bayan gida. Wasu na san don su ga Saje suka buɗe, amma randa dai mun gan ta.

Da yamma muka koma Jimeta. Washegari Saje ya kira ni da Baba ofishinsa, ya sa ni gaban tafireta, ya ce za mu rubuta wa manya takarda. Kafin mu fara ya ce in gaya masa daidai abin da addini ya ce, ba abin da tsofaffi suka ce ba. Na ce daga cibiya zuwa gwiwa, a salla da kuma gaban mutane. Ya sa hannu ya auna a jikinsa. Sannan ya ce shi ma matarsa ba ta taɓa barinsa ya shiga coci da gajeren wando ba, shekara da shekaru yana ɗauka fitinarta ce kawai.

Dalili biyu ya sa na rubuta. Na farko, ana rufe wa ma'aikatansa ƙofa, aiki ba ya tafiya. Na biyu, mutanensa ba sa iya tsayawa gaban Allahnsu da kayan da aka ba su. Baba ya ce a ƙara da cewa sauro na cizonmu a ƙafa. Saje ya ce duba-gari ya kai ƙarar sauro wurin manya, wannan abin kunya ne, kada in rubuta.

Amsa ta daɗe. Damina ta zo, kogi ya cika, manyan jiragen ruwa suka hauro suka yi lodi suka koma, ba labari. Amma Saje bai jira ba. Ya ce shi a kan kansa ya yarda duk wanda za shi Yola ya sa dogon wando, muddin launin kaki ne, a Jimeta kuwa littafi na nan. Ya kuma gyara mana wani abu da ba mu roƙa ba. Mayanka sai an duba ta kullum, har Juma'a da Lahadi, kuma da can duk wanda layi ya faɗo kansa shi ke nan. Sai ya raba: Kiristoci su riƙe Juma'a mu tafi masallaci da wuri, mu kuma mu riƙe safiyar Lahadi. Baba ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa samun sahun gaba a masallacin Juma'a ba sai a shekarar.

Da rani ya kama takardar ta iso. Saje ya jera mu ya karanta da kansa. An yarda duk ma'aikacin da ke so ya sa dogon wando na kaki, kuma ana iya cire hula lokacin ibada. Baba ya ce Allah ya saka musu, da ma izninsu yake jira ya cire. Biyu daga cikin abokan aikinmu Kiristoci su ma suka rubuta sunansu, suka ce ciyawa na yankarsu a ƙafa. Saje ya dube su kamar sojojin da suka gudu daga fagen fama. Shi kam har ya yi ritaya bai canza ba, shi kaɗai ya rage da gajeren wando a ofis, kuma Litinin ba ta fasa ba, sai dai awon ya koma kan guga da maɓalli.

Wandunan sun zo a ƙunshe cikin buhu, duka awo ɗaya, kamar an auna su a jikin mutumin da ya fi kowa tsawo a jihar. Na Baba sai da ya naɗe sau uku. Nawa ya sauko ya rufe takalmi yana jan ƙasa, amma ban damu ba. Da safe na saka shi a ɗakina, na ratsa tsakar gida, na shiga zaure ana cikin karatu, na durƙusa na gai da Bappa a gaban ɗalibansa, na miƙe yadda kowa zai gani. Ya dubi wandon har ƙasa.

"Madalla," ya ce. "Sai dai tufafin da ke jan ƙasa shi ma akwai magana a kansa. Yana kwasar najasa, kuma alamar girman kai ne. Gobe za mu karanta babin, ka zauna ka ji kafin ka fita."

Dattawan suka sunkuyar da kai cikin littattafansu, kafaɗunsu na rawa. Na koma cikin gida na sami Goggo tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta ɗauko allura da zare, ta sa ni na hau kan kujerar tsakar gida, ta durƙusa tana naɗe bakin wandon zuwa saman idon sawu. Na ce ta yi sauri, yau Litinin, Saje ba ya jira. Ta ce in tsaya cak in ba so nake ta ɗinke har da fata ba. Ran nan na makara, na tarar an gama layi, Saje ya tura ni mayanka.